Yadda Za A Rarrabe Ƙudan Zuma Da Makamantansa

Wannan darasi domin Hakimai ne da malamansu, musamman na ƙasar da gonaki suka haɗe da juna. Sau da yawa talakawa sukan kashe ƙwari masu amfani saboda sun ɗauke su rina ne. Alhali kuwa kabewa ba ta yin 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauko garin furen namiji ya kai wa macen, riɗi da wake kuma sukan ƙaru da ziyararsu. Ga alamun da za a duba:

1. Ƙudan zuma. Tsawonsa wajen rabin inci, jikinsa da gashi, fukafukai huɗu. Yakan dunƙule garin fure a ƙafafunsa na baya. In ya harbi mutum, ƙarin yakan maƙale, shi kuwa ya mutu.

2. Babban baƙin nan mai ruri, mai huda busasshen itace kamar dirkar rumfa. Tsawonsa ya kusa inci ɗaya. Wanda ya ga hoton wani ƙato mai gashi a littattafan Ingila kada ya ce shi ne, gama wancan, ko da yake irinsa ya kai 250, ba a samunsa kudu da Hamada. Namu bayan cikinsa sumul yake, yana ƙyalli. Masana sun sa wa danginsa suna Xylocopa a 1802, watau mai saran itace. A irin da aka fi gani, macen baƙa ce mai rawayan doro, namijin kuwa rawaya ne duka. Iri ɗaya ne, kada a lissafa su biyu. Namijin ba shi da ƙari, macen kuma ba ta harbi sai an kama ta.

3. Ƙuda mai kama da zuma. Fukafukansa biyu ne kawai, idanunsa manya, yakan tsaya cik a iska bisa fure. Ba ya harbi ko kaɗan, tsutsar waɗansunsu ma darɓa take ci.

4. Rina da zanzaro. Ƙugunsu siriri ne, jikinsu ba gashi sosai. Rina takan rataya saƙarta, zanzaro kuwa da laka yake gini. Rina tana iya harbi sau da dama.

In an kawo labarin ƙwari, malami ya rubuta abu huɗu: girma, launin doro da na ciki, yawan fukafukai, da inda gidan yake. Launi kaɗai ba ya isa shaida.

Ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa a kan abu biyu. Kada a sa wa gidan ƙwari wuta sai an tabbata na rina ne, kuma yana kusa da mutane. Sa'an nan in tilas ne a fesa wa wake magani yana cikin fure, a bari sai da yamma lis, bayan furen ya rufe, kuma a nisanci itatuwan da aka ɗora amya.