Shawara ga Masu Sayar da Kayan Gyaran Mota a Fezzan

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwar Fezzan, unguwar da ta gaji sunanta daga fataken Larabawa masu ratso Sahara, ku sani cewa albarkar jari tana cikin juyawarsa, domin kayan da ya shekara a kan kanta yana shan ƙura, ko da ya cika shago, dukiya ce da aka ɗaure.

Hanyar hisabin kuwa ita ce, idan shekara ta kewayo, mutum ya tara kuɗin sarin duk abin da ya sayar, sa'an nan ya haɗa ƙimar kayan shago ta farkon shekara da ta ƙarshenta ya raba biyu, kana ya raba adadin farko da wannan. Misali, wanda ya sayar da kayan da sarinsu ya kai naira miliyan 12, alhali abin da ke zaune a shago na miliyan 3 ne, jarinsa ya juya sau 4.

Lalle ne kuma a yi wa kowane nau'i hisabinsa daban, gama fulogi da fambel suna fita kullum, amma giyabos yakan yi watanni yana jiran mai nema. Asarar da ambaliyar madatsar Alau ta 2024 ta jawo ta isa izina ga mai jibge kaya fiye da buƙatarsa.

Mafi dacewa shi ne a haɗa wannan ƙidaya da lokacin fitar da zakka, tun da malaman Malikiyya sun wajabta wa mai juya haja ya ƙimanta kayansa kowace shekara.