Amsoshin Tambayoyinku: Gidana ne, amma sai da izini zan shiga?

Tambaya: Ina da gida a Talata Mafara, na ba wani magidanci haya. Ma'aikatan wuta sun zo duba mita ba ya nan, matarsa ta ƙi buɗe ƙofa, suka juya. Ga damina ta gabato, ina son kafinta ya duba rufi, magidancin ya ce sai ranar da yake gida. Ashe ba gidana ba ne?

Amsa: Ginin naka ne, babu ja. Amma tun ranar da ka karɓi kuɗin haya, amfanin gidan da sirrin cikinsa sun koma hannun ɗan haya har wa'adi ya cika. Haka malaman fiƙihu suka bayyana hukuncin haya, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan da wasu ke zaune sai da izini da sallama. Baiwar Allah da ta ƙi buɗewa ta yi daidai. A Zamfarar yau, da halin tsaron da ake ciki daga Maradun har Bakura, wa zai zargi matar aure don ta ƙi buɗe wa baƙin fuska?

Maganin wannan yana wajen mijin. Kira shi kwana biyu ko uku kafin aikin, ka faɗa masa wanda zai zo da abin da zai yi, ku tsayar da lokaci. Kada ka sa ranar Talata, da yawa suna kasuwa. Ka rako kafintan da kanka, ku tsaya a zaure har maigidan ya shiga iyali su kimtsa. Wanda zai hau rufi kuwa, a sanar da maƙwabta ma, domin daga sama ana hango tsakar gidajensu, kuma nan ne rigima kan tashi ba a shirya ba.

Batun mita ya fi sauƙi. Ka je ofishin Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Zamfara, ka nemi a mayar da ita zaure ko bangon waje. Kada ka sa mai gyaran wuta na unguwa ya cire ta, za a iya ɗaukar hakan a matsayin taɓa mita, tara ta biyo baya.

Idan gobara ce, ko bango na shirin faɗuwa, ba a jiran kwana biyu: a buga wa ɗan hayan waya, a yi sallama da ƙarfi, a shiga da maƙwabci. In kuwa ya riƙa ja maka rai har ruwa ya fara cin ginin, shi ma ya shiga hakkinka. Kai maganar gaban mai unguwa kafin kotu. Ranar sabunta haya, ku rubuta waɗannan sharuɗɗa a takarda gaban shaidu biyu.