Amsoshin Tambayoyinku: Gajerun Haruffa a Bayanan Likita

Wata mai sauraronmu daga Zariya tana tambaya: yaya masu buga bayanan likita a kwamfuta suke sauri haka?

To, malama, sirrin yana cikin manhajoji irin su PhraseExpress da TextExpander. Mai bugawa yana sauraron muryar likita, ya danna haruffa uku ko huɗu, manhajar ta buɗe su zuwa cikakkiyar jimla. Sai dai gaggawa aikin shaiɗan ce. Misali, tun 2004 hukumar Joint Commission ta Amurka ta hana rubuta gajerun haruffan MS, domin yana iya nufin mofin mai kashe zafi, ko magnesium sulfate da ake yi wa mai jijjigar ciki. In kin shiga wannan sana'a, ki sake karanta takarda kafin ki miƙa ta.