Yadda Ake Haɗa Wayoyin Solenoyid na Sitatar Tarakta

Duk wanda ya san noma a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ya san cewa idan ruwan farko ya sauka, kowa layin tarakta yake bi. Ranar da ta ƙi tashi, huɗar mutane da dama ta tsaya. Sau da yawa ba inji ba ne, solenoyid ne ko wayoyinsa.

Solenoyid shi ne ɗan gwangwanin da ke kan sitata. Makunni ne mai aiki da maganaɗisu: 'yar wutar da makulli ya aiko masa ita ke sa ya tura haƙoran sitata cikin fulawil, ya kuma buɗe wa babbar wutar batir hanya. A taraktoci irin Massey Ferguson 375 masu batir volt 12, wurin ɗaura waya uku ne:

1. B ko 30: babban noti, nan kaurin wayar da ta taso daga (+) na batir take zama.
2. M: ɗaya babban notin, mai guntuwar waya da ta shiga cikin sitata.
3. S ko 50: ƙaramin, na siririyar wayar makulli.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton wayoyin da wayarka. Ka mayar da giya furi, ka ja birki, ka cire (-) na batir tukuna, domin sifana na taɓa B da jikin inji sai tartsatsi. Ka goge tsatsa, ka ɗaura M, sannan B, sannan S. (-) ne na ƙarshen mayarwa.

Idan ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai, auna batir da mita: cikakke yana nuna kusan volt 12.6. In kuwa shiru, duba ko wuta na isa S.

Abu mafi muhimmanci: wayar S tana ratsa wani makunnin tsaro da ke hana tarakta tashi idan tana cikin giya. Kada ka tsallake shi, kada kuma ka haɗa B da S da sukudireba kana tsaye a ƙasa. Sitata tana gaban tayar baya ne. Tarakta mai giya na tashi za ta yi gaba, kuma kai ne a gaban tayar. Kullum daga kan kujera ake tayar da ita.