KUKAN KYANWA DA DARE: DARASI A KAN CAMFI DA BANGASKIYA

Wurin karatu: Maimaitawar Shari'a 18:9-14, Matiyu 10:28-31, Ayyukan Manzanni 28:1-6
Ayar haddacewa: Zabura 31:15
Manufa: Mai bi ya gane cewa kwanakinsa a hannun Allah suke, ya rabu da tsoron alamu, ya kuma tsare bakinsa daga yi wa maƙwabci ƙazafi.

Gabatarwa

Zabarmari gari ne na manoman shinkafa a Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Borno, tafiya kaɗan daga Maiduguri. Fadamun da ke kewaye da shi suna shan ruwan kogin Ngadda, shi ya sa Hausawa da Barebari da Shuwa da waɗansu kabilu suka taru a wurin neman abinci. Akwai masu bi a Maiduguri da suka san garin, waɗansu ta wurin ƙodago a gonaki, waɗansu ta wurin sarin shinkafa. Idan kaka ta yi, aka yanke shinkafa, aka jera buhuna a ɗakunan ajiya, sai ɓeraye su yi yawa. Inda ɓera yake kuwa, nan kyanwa take. Saboda haka da wuya dare ya raba a irin wannan gari ba a ji kukan kyanwa a bayan danga ko a kan rufin kwano ba.

Kukan guda ne, amma kowa da yadda yake jinsa. Wani ya juya ya ci gaba da barcinsa. Wani kuwa ya tashi zaune, gabansa yana faɗuwa, yana tunanin wanda ba shi da lafiya a gidan. Akwai masu zuwa sujada kowace Lahadi, har da masu riƙe da matsayi a zumuntar mata ko ta matasa, waɗanda kukan nan yake hana su barci. Dominsu aka shirya wannan darasi.

1. Abin da mutane suke faɗi

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ana faɗin abubuwa da dama game da kyanwa, wadda waɗansu suke kira mage. Ana cewa baƙar kyanwa da dare aljani ne ya rikiɗa, ko kuwa mayya ce ta fito neman kurwa. Ana cewa idan ta yi kuka irin na jariri a kusa da ɗakin majinyaci, to, mutuwa ta kusa. Ana cewa rai tara gare ta. Ana kuma cewa wanda ya kashe ta ba zai wanye lafiya ba.

Waɗansu camfe-camfe dattawa ne suka ƙirƙiro su don tarbiyya, kamar yadda ake tsorata yara kada su zauna a bakin ƙofa su tare hanya. Tsorata yaro a kan kisan kyanwa ma yana kama da haka, gama yana kiyaye dabbar da take tsaron hatsi. Amma abin da aka fara domin gyaran yaro yakan girma ya zama sarƙa a wuyan babba.

Idan aka duba waɗansu ƙasashe, sai a ga camfin ba ya tsayawa a magana ɗaya. A Amurka mutane da yawa suna ɗaukan baƙar kyanwa alamar rashin sa'a, amma a Japan da waɗansu sassan Ingila alamar sa'a ce. Masarawan dā kuwa har bauta suka haɗa da ita. Suna da gunkiya mai kan kyanwa, Bastet, wadda babban haikalinta yake a birnin Bubastis. Shi ne birnin da annabi Ezekiyel ya kira Fi-beset sa'ad da yake shelar hukunci a kan Masar (Ezekiyel 30:17). Sukan naɗe gawar kyanwa da ƙyalle su binne ta da girmamawa. A shekarar 1888 aka tono dubban irin waɗannan gawarwaki a Beni Hasan, a 1890 kuma aka sayar da su a birnin Libaful na Ingila domin takin gona. Abin da al'umma guda ta durƙusa wa, wata al'umma ta barbaɗa a gona.

2. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A cikin littattafai 66 na Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ba inda aka ambaci kyanwar gida, balle a ce an ba ta aikin sanar da mutuwa. Tana cikin dabbobin da Allah ya halitta, ya duba ya ga suna da kyau (Farawa 1:24-25). Zabura 104:20-21 ta nuna cewa Allah ne ya yi duhu, shi ne kuma ya tsara waɗansu dabbobi su fito neman abincinsu a cikinsa. Yawon dare tsari ne na Mahalicci, ba alamar mugunta ba.

Game da fassara alamu kuwa, Maganar Allah ba ta yi sassauci ba. Sa'ad da Isra'ilawa suke dab da shiga Kan'ana, Musa ya gargaɗe su kada a sami mai duba, ko mai fassara alamu, ko mai sihiri a cikinsu, domin Ubangiji yana ƙyamar waɗannan ayyuka. Littafin Firistoci 19:26 ya faɗi haka, Irmiya 10:2 kuma ya hana jama'ar Allah razana da alamun sararin sama kamar yadda al'ummai suke yi. Dalilin a fili yake. Mai neman sanin gobe daga bakin dabba ya ɗauki abin da yake na Allah shi kaɗai ya ba halitta. Ko bai taɓa zuwa wurin boka ba, ya riga ya kafa ɗakin duba a zuciyarsa.

Labarin Bulus a tsibirin Malita ya nuna yadda hukuncin masu camfi yake. Maciji ya fito daga cikin itacen wuta ya maƙale a hannunsa, sai mutanen tsibirin suka yanke cewa mai kisankai ne, alhaki ne ya biyo shi. Da suka jira ba su ga ya kumbura ko ya faɗi ba, sai suka juya suka ce allah ne. Maciji ɗaya, mutum ɗaya, hukunci biyu a yini guda, dukansu kuwa kuskure ne.

Wani zai ce, ai Allah ya yi aiki da dabbobi: jakar da Bal'amu yake hawa ta yi magana (Littafin Ƙidaya 22), hankaki sun ciyar da Iliya (1 Sarakuna 17), carar zakara ta sa Bitrus kuka. Gaskiya ne. Amma a lura da abin da ya faru da Bitrus. Abin da ya soki zuciyarsa shi ne maganar da Yesu ya riga ya faɗa masa (Luka 22:34, 61). Ma'anar daga bakin Ubangiji ta fito. Babu kuwa inda Ubangiji ya ba da wata magana a kan kukan kyanwa.

Wannan darasi bai musanta kasancewar mugayen ruhohi ba, gama Afisawa 6:12 ta tabbatar da yaƙin ruhaniya. Amma makaman da aka lissafa a wurin su ne gaskiya, da adalci, da bangaskiya, da Maganar Allah, da addu'a. Almasihu ya riga ya tuɓe wa ikokin duhu makamansu a kan gicciye (Kolosiyawa 2:15), ya kuma 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu (Ibraniyawa 2:14-15).

3. Dalilin halayen kyanwa

Abubuwan da suke ba mutane tsoro suna da dalili a halittarta. Idanunta suna walƙiya da dare domin akwai wani shimfiɗi a can cikin idon da yake mayar da haske, don ta gani a duhu. Kukan nan mai kama da na jariri yawanci na lokacin barbara ne, mace tana kiran muzuru, ko muzurai biyu suna faɗa. Tafin ƙafarta mai taushi ne, shi ya sa take bayyana ba a ji motsinta ba. Tana son ɗumi da wurin da ba hayaniya, don haka takan raɓi shimfiɗar majinyaci. Idan ta faɗo daga bisa takan juya jikinta ta dira da ƙafafu, daga nan zancen rai tara ya samo asali.

Yadda camfi yake samun gindin zama kuwa shi ne, kyanwa takan yi kuka dare ɗari ba abin da ya faru, ba wanda ya riƙe lissafi. Ranar da kukan ya dace da rasuwa, sai a riƙe wannan dare ɗaya a yi ta ba da labarinsa har jikoki.

4. Hasarar da camfi yake jawowa

Ta fari ita ce hasarar salama. Mutanen Zabarmari sun san baƙin ciki na gaske. Ranar 28 ga Nuwamba, 2020, 'yan Boko Haram suka kashe manoma masu yankan shinkafa a Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari. A Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere. Wanda ya ga irin waɗannan, zuciyarsa takan nemi abin da zai sanar da ita kafin masifa ta sake zuwa. Wannan abin tausayi ne, bai kamata a yi masa dariya ba. Amma camfi yakan ƙara wa mai makoki nauyi, ya sa shi cewa da ya lura da alama, da ɗansa bai fita ba. Sa'ad da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi da kansa ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, bai kuwa ce sun ƙi lura da wata alama ba, bai ce sun fi saura zunubi ba. Ya kira masu rai ga tuba (Luka 13:1-5). Alhakin jinin Koshebe yana wuyan waɗanda suka zubar da shi.

Ta biyu ita ce hasarar maƙwabci, ita ce kuwa mafi muni. Idan aka ce kyanwa mayya ce, tambayar da take biye ita ce, wace ce? Da wuya yatsa ya nuna mai kuɗi ko mai 'ya'ya maza a tsaye. Yakan nuna tsohuwa, ko gwauruwa, ko baƙuwar da gudun hijira ya kawo unguwa. Sai a hana yara karɓar abincinta, a daina zama kusa da ita a majami'a, wani lokaci har a kai ga duka. Wannan shaidar zur ce, wadda doka ta tara ta hana (Fitowa 20:16). Yakubu 1:27 kuwa ya auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu.

Ta uku ita ce hasarar lafiya da abinci. Ikkilisiya a Borno tana da dalilin tuna wannan. A Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin Lassa da ke kudancin Borno, aka kai ta Jos, a can ta rasu. Daga sunan garin aka sa wa cutar suna zazzaɓin Lassa. Bincike ya nuna wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da ita, tana kuma shiga mutum ta abincin da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa, musamman da rani. Cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya akwai rufe hatsi a mazubin da ɓera ba zai shiga ba, da tsabtace gida, da ajiye kyanwa. Gidan da ya kori kyanwa don tsoron aljani ya buɗe wa maƙiyi na gaske ƙofar rumbu. Karin Magana 12:10 ta ce adali yakan kula da dabbarsa. Maƙwabta Musulmi ma, waɗanda su ne mafi yawa a Zabarmari, malamansu suna hana camfi da azabtar da kyanwa, don haka mai bi da yake jifanta ba shi da shaida mai kyau a gabansu.

5. Gargaɗin da ya kamata a ji

Ƙin camfi ba ganganci ba ne. Mai hankali yakan hango hatsari ya ɓuya (Karin Magana 22:3). Bambancin shi ne, gargaɗi na gaskiya yana da alaƙa da abin da yake gargaɗi a kai. Idan jami'an tsaro suka ce kada a shiga wata fadama, a ji. Idan aka ce ruwan kogi yana hawa, a kwashe kaya. Idan kyanwa ko kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti nan da nan, domin ciwon haukan kare yana kama kyanwa ma. Mace mai ciki ta guji kwashe kashin kyanwa da hannu. Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, asibiti za a nufa, ba tare da tsayawa neman wanda ya turo kyanwa ba.

Kammalawa

Yesu ya ce ko gwara, wadda ake sayar da ita a kan kuɗi kaɗan, ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba, mai bi kuwa ya fi gwara da yawa daraja. Hausawa ma suna cewa, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Idan kyanwa ta yi kuka da dare, abin da ya dace da mai bi shi ne ya duba ko ɗakin ajiya a rufe yake, ya danƙa iyalinsa ga Ubangiji, ya koma barci. Idan kuma ya ji ana kiran sunan wata tsohuwa da maita, ya zama na fari da zai kai mata gaisuwa, ya ci abincinta a idon jama'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne camfe-camfe game da dabbobi ne suka rage a gidajen masu bi?
2. Mene ne bambancin carar zakara ga Bitrus da kukan kyanwa ga mai camfi?
3. Wane mataki dattawan ikkilisiya za su ɗauka idan aka zargi wata gwauruwa da maita?
4. Ta yaya za a ta'azantar da wanda yake ganin laifin kansa a kan rasuwar ɗan'uwansa?

Abin addu'a

A roƙi Ubangiji ya ta'azantar da iyalan da suka yi rashi a Zabarmari da kewaye, ya tsare manoma a gonakinsu, ya kawar da tsoro daga zukatan masu bi, ya kuma ba ikkilisiya ƙarfin hali ta tsaya wa wanda aka yi wa ƙazafi.