Ɗura Mai a Injin Sassaƙar Ƙarfe: Ƙaramin Aikin da ke Tsare Babban Jari

Duk wanda ya zuba dukiyarsa a sana'ar ƙere-ƙere, ko a Panteka ta Kaduna ne, ko a Nnewi, ko Aba, ko Legas, ya san matsayin injin sassaƙar ƙarfe, watau injin nan da ke juya ƙarfe wuƙa tana fiƙe shi. Da shi ake fitar da sanduna da bushi da zaren noti na injunan niƙa da famfunan ban ruwa da motoci. Akasarin waɗannan injuna daga ƙasashen waje suke zuwa, kamar Colchester da Harrison na Ingila, da kuma ƙirar Indiya da Sin. Tun daga 1986, lokacin da aka karya darajar Naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, sayen sabo ya zama jan aiki, kuma sakin farashin canji da aka yi a watan Yuni na 2023 ya daɗa tsananta lamarin. Saboda haka tsawon ran injin da ke hannu ya zama wani ɓangare na ribar mai shi, kuma tsawon ran nan ya dogara ƙwarai a kan wasu 'yan kafofi da ba kowa ke kula da su ba.

Waɗannan su ne kafofin mai masu ƙwallo. Kowace ɗaya ɗan ƙaramin bututu ne, galibi na tagulla, mai faɗin milimita 6 ko 8 ko 10, wanda aka dasa a jikin inji. A bakinsa akwai ƙwallon ƙarfe da wani siririn sifirin ke tokare da shi daga ƙasa. In an danna ƙwallon sai hanya ta buɗe mai ya wuce, in an saki sai ya koma ya toshe, domin kada ƙura da ɓurɓushin ƙarfe su shiga. Ana samun kafofin a kan sirdin da ke ɗauke da wuƙa, da sashen da ke tafiya a gicciye, da wutsiyar da ke tokare aiki, da kuma mazaunin doguwar sanda mai zare. Daga kowace kafa akwai siririyar hanya da ke kai mai wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Ga yadda ake aikin. Da farko a kashe inji, a share gadonsa da buroshi, sa'an nan a goge bakin kowace kafa da tsumma mai tsabta, domin duk dattin da aka bari a kan ƙwallo tare da mai zai shige. Daga nan a ɗauko butar mai mai famfo, wadda bakinta ke zama daram a kan kafar, a danna ƙwallo, a buga sau biyu ko uku. Ɗiga mai daga sama ba ya wadatarwa, don kuwa sai da matsi yake ratsa hanyar. In mai yana tsiyaya ta gefen bakin buta, a shimfiɗa ɗan ƙyalle tsakaninsu, zai toshe gefen. Alamar cewa aiki ya yi ita ce a ga tsohon mai baƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sirdi, har mai tsabta ya biyo bayansa. Bayan haka a tura sirdi daga wannan ƙarshe zuwa wancan domin mai ya game gado. Injin da ke aiki kullum yana bukatar wannan kowace safiya, musamman da hunturu lokacin da ƙura ta yi yawa.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne ɗura giris. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne: yaron da ya saba da garejin mota yakan ɗauka cewa kowace kafa ta giris ce. Giris kuwa yana daskarewa ya toshe hanyar mai, yana kuma riƙe ɓurɓushin ƙarfe, sai su haɗu su zama tamkar dutsen wasa wuƙa da ke cin gado a hankali. Man da ya dace da gado shi ne wanda aka yi musamman dominsa, mai ɗan danƙo, wanda akasari ke ɗauke da lamba ISO 68. Lambar tana nuna kaurin mai ne a zafin digiri 40 na ma'aunin Salshiyos. Mazaunin sandar da ke juyawa da sauri yakan bukaci wanda ya fi tsinkewa, kamar mai lamba 32, amma littafin kowane inji shi ne abin bi. Baƙin man da aka juye daga mota ba shi da gurbi a nan, domin cike yake da datti. Haka kuma wasu nau'o'in man giya masu sinadarin farar wuta suna cin tagulla.

Idan kafa ta ƙi karɓar mai, ko ƙwallonta ya nutse bai dawo ba, to kada a ƙyale ta. A cire ta, a wanke hanyar da kananzir, a dasa sabuwa mai faɗi daidai da tsohuwar. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Lissafin a fili yake. Gado ya fi cinyewa kusa da bakin da ke riƙe aiki, inda sirdi ya fi kai da komowa. Da zarar ya zaizaye, sandar da aka sassaƙa ba za ta fito da kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, alhali mazaunin boris yakan bukaci daidaito na kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita. Daga nan sai a fara dawo da aiki, ƙarfe da wutar janareta su tafi a banza, abokan ciniki su koma wani shago. Gyaran gado kuwa yana bukatar a kwance inji a kai shi inda ake da babbar na'urar wasa ƙarfe, shago yana zaune ba ciniki.

Don haka ya kamata mai jari ya ƙirga kafofin injinsa, ya rubuta adadinsu a allo kusa da shi, ya ɗora alhakin ɗura mai a kan mutum guda, ya kuma sa kuɗin man gado cikin kasafin wata tare da haya da albashi. Wanda zai sayi tsohon inji kuma, ya fara duba kafofin nan kafin a yi ciniki. In ya tarar da su a toshe da giris ko fenti, to ya auna gadon da kyau kafin ya biya.