A Koya wa Yaro Girki, Wuta Ta Zo Daga Baya

'Ya'yana mata na Dakoro, da ku samarin da kuka fara ajiye iyali, ku ba ni aron kunnuwanku. Yaron da kuka ga yana wasan tuwon ƙasa a tsakar gida, girki yake marmari. In kuka riƙa korar sa daga madafa, zai koma can ranar da ba kwa nan, daga shi sai ashana. Gara ku jawo shi a jiki, ku ba shi aiki daidai ƙarfinsa.

Ɗan shekara 3 ko 4, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya tsince tsakuwa daga wake a faifai, ya zage ganyen zogale. Mai shekara 5 zuwa 7 ta isa tankaɗe garin hatsi, ɓarar gyaɗa da dama fura da ludayi. Maza ma a sa su, kowa kuma ya fara da wanke hannu da sabulu. Wuƙa da dakan barkono su jira tukuna. Muciya kuwa sai yarinya ta kai shekara 10, kina tsaye a kanta, domin talge in ya tafasa fallatsa yake yi, ya manne a fata.

Murhunmu mai duwatsu uku a ƙasa yake, daidai inda mai rarrafe ke kaiwa. Ɗiyata, ki ja layi taku uku daga wuta, ki ce wa yaro nan ce iyaka. Kada ki sunkuya kan tukunya da goyo a baya. Kunu da man suyar ƙosai, in an sauke, a ɗora su inda ƙaramin hannu ba ya isa. Yarinya ta cire dogon hijabi, ta ɗaure zani sosai. Da hunturu iska kan kwashi tartsatsi ta kai kan dannin kara da rumbu, don haka a kashe garwashi da ruwa, toka tana ɓoye wuta. A nisanta jariri da hayaki, yana jawo ciwon huhu. Masu girki da gas, wanda ya yawaita bayan buɗe matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram a 2011, su rufe kan tulun da zarar sun gama. Kalanzir da fetur kada a zuba su a robar lemo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 kowace shekara, akasari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. In tsautsayi ya gitta, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a wurin har minti 20. Ban da man goge baki, ƙwai ko toka. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti.

In yaro ya yi daidai, a yaba masa. In ya zubar da gari, a yi haƙuri a sake nuna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana su, ya tsare su.